Ku Bar Mana Falalen Shanyarmu

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Aikin Hanyar Jirgi, zangon Tsafe.

Ranka ya daɗe, gaisuwa mai yawa da ban gajiyar aiki. Ni ce Inna Hajo mai gabu, ta gindin dutse. Malamin unguwarmu ke rubuta mini, na ce kada ya sassauta ko kalma.

Na farko. Falalen dutsen da mutanenka suka soma fasawa bayan babbar salla, don tsakuwar hanya, wurin shanyarmu ne. A kansa na tashi. Da kaka, tun hantsi uwata ke yanka kuɓewa, mu baza. Lokacin albasa kuma mu kirɓa ganyenta, mu dunƙula gabu, mu jera. Kowane gida ya san gefensa, ba shinge, ba faɗa. Daga nesa sai ka ga ja na barkono, kore na kuɓewa, mata na waƙa suna korar awaki. Wallahi in na tuna, hawaye nake yi.

Na biyu. An ce mana dutse dutse ne, mu shanya a ƙasa. Wanda ya faɗi haka bai taɓa tauna yashi a miya ba! Dutsen nan yana riƙe zafi, kwana biyu kuɓewa ta bushe ƙayau, da launinta. Ɗanya kwana uku take lalacewa, busasshiya kuwa tana kai mu wata damina, har fatake su kai ta Bunguɗu da Mada.

Na uku. Bana na gwada ƙasa. Kwando huɗu suka yi funfuna. Sauran na kai Gusau, matar da ta shekara goma tana saye a hannuna ta ɗanɗana, ta tofar a gabana. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba.

Roƙona, ranka ya daɗe: rabin falalen na gabas yana nan, a bar mana shi. Duwatsu sun cika Tsafe, ƙattinka su matsa gaba. An ce jirgin zai kai kayanmu har Zariya. To in kun fasa inda muke busar da kayan, me za mu ɗora masa?

Allah ya ƙara maka girma, ya kai ka gida lafiya, ya sa ka ji kukan tsohuwa.

Wassalam.

Inna Hajo mai gabu, Tsafe.