Kabarin da na ce na gani

Yaya Sale,

Gaisuwa da fatan rahamar Allah. Na san babu mai karanta maka takardar nan, amma dole in fitar da maganar da ke cina.

Gida lafiya. Gyaɗa ta yi kyau bana a Bebeji, Inna kuwa ƙafar ce dai ke damunta.

Lokacin da waya ta zo cewa ruwa ya ci ka, ni aka tura Ikko. Kwana biyu a jirgin ƙasa, sannan kwalekwale zuwa tsibirin da kake gadi. Na ga tsohuwar hasumiyar nan mai fitila a ka, wadda ke hana jiragen ruwa hawa dutse. Dattijon da ke kula da fitilar ya hau da ni har sama, ya nuna mini ƙarafan wani jirgi da ya nutse tun zamanin kakanninsa. Sannan ya nuna wani tudun yashi can cikin teku, ya ce nan ka taka ka je sallar la'asar da ka ga ruwa ya janye. Haba Yaya! Ka ɗauka kogin garinmu ne, wanda in ya janye sai wata daminar? Nasu ko wuni ba ya yi yake dawowa. Buta kaɗai aka tsinta.

Ba a ga gawa ba. Amma da na dawo na dubi Inna, na dubi matarka Hajara, sai bakina ya ce na ga kabarinka, har na yi addu'a a kai. Na maimaita gaban liman. A kan maganata Hajara ta yi takaba. A kan maganata aka ɗaura mana aure, ni da ita, kuma ba zan ɓoye maka ba, ban yi baƙin ciki ba. Yanzu cikinta wata biyar.

Ran kasuwar Tudun Wada wani falke ya ce ya ga wani Bakano a Kwatano wanda masunta suka tsamo, da tsage irin na gidanmu, amma mutumin ya manta sunan garinsu. Wai zai taho da shi bayan kaka.

Tun daga ranar, ko sallama aka yi a zaure sai in ɗauka kai ne. Me zan roƙa maka, rahama ko lafiya? Jiya bayan azahar na ɗaga hannu, sai na ji kaina ina roƙon Allah kada ya zama kai ne.

Ka yafe mini, ko ina kake. Na bar ka da Allah.

Ƙaninka,
Mamman