Kitson Ƙeya

Litinin, 4 ga Agusta

Biza ta fito. Yaya ya ɗaga fasfon sama yana ihu kamar shi zai tafi. Ni dai na shige ɗaki. Gurbin karatu na samu a makarantar kwana ta 'yan mata a wata ƙasa, ajin farko na sakandare. Kowa tambayata yake ko ina tsoron jirgi. Ni ba jirgi ne ya dame ni ba.

Laraba, 6 ga Agusta

Umma ta yi min kitso da yamma, ina zaune a ƙasa, na jingina da gwiwoyinta. A nan kaɗai bakina yake buɗewa, don ba mai kallon idona. Na ce, "Umma, wa zai riƙa yi min a can?" Hannunta ya tsaya cak. Ashe an yi ta hidimar rigar sanyi da takalmi, an manta da kaina. Ta ce, "Ke za ki koya, Auta. Gobe ma."

Asabar, 9 ga Agusta

Madubi biyu, ɗaya a gabana, ɗaya a kan kujera a bayana. Gaba ya yi. Gefen kunne ya yi, a karkace. Ƙeya ta ƙi, hannuwana har sun sage. Yaya ya leƙo ya ce, "Wannan tsaga ce ko hanyar awaki?" Umma ta jefe shi da mataji, bai same shi ba.

Talata, 12 ga Agusta

Mun je asibiti allurar tafiya. Na ga yarinyar da za mu tafi makaranta ɗaya, doguwa mai tabarau. Kitsonta ƙanana, tsaf har ƙeya. Benci ɗaya muka zauna. Ta kalle ni, na kalli takalmina. Iyayenmu suka yi ta hira, mu ko sannu.

Alhamis, 14 ga Agusta

Ƙeya ta ƙi.

Lahadi, 17 ga Agusta

Umma ta aro almakashi wurin tela na ƙofar gida, ta ajiye a kan taga. Ba da faɗa ta yi maganar ba. Ta ce in gashi ya yi watanni ba kitso zai cukurkuɗe ya kakkarye, gara a rage shi tun a nan. "Ko kuma ki buɗe baki ki roƙi wata a can. Za ki iya?" Na kalli almakashin. Ta ce, "To kin gani."

Tun ina ƙarama take tattalin gashin nan. Da ta juya na ga tana share ido da bakin ɗankwali, wai hayaƙi. Ba a ma kunna wuta ba.

Laraba, 20 ga Agusta

Allura ta biyu. Mai Tabarau tana nan, bencin ranar nan. Na zauna kusa da ita. Na tuna almakashin. Na kafe idona a bango na ce, "Ke kike yi wa kanki kitso?" Muryata ta fito kamar ta ɗan tsako, sai da na maimaita.

Ta ce, "Ni? Kakata ce. Wallahi ko tsifa ban iya ba. Kuka nake ta yi a kai, ban gaya wa kowa ba."

Na ce ni na iya gaba, kuma in kan wata ne ai ina ganin ƙeyar. Ban san daga ina maganar ta fito ba.

Asabar, 23 ga Agusta

Mai Tabarau ta zo gidanmu. Na yi mata tas har ƙeya, Umma ta duba ba ta gyara komai ba. Sannan ta zauna a kujerar Umma, ni a ƙasa, Umma tana nuna mata yadda ake ɗiban gashi. Hannun Mai Tabarau da zafi! Layukan duk a karkace, Yaya ya ce awakin sun samu ƙawa.

Tana cikin yi ta dungure min kai ta ce, "Ke, ki yi shiru mana in gama, kanki sai motsi yake. Dama haka kike da surutu?" Umma ta fita tana dariya.

Ba wani surutu na yi ba. Labarin akwatina kawai na ba ta, da na malamar lissafi, da na Yaya.

Ni na mayar wa tela almakashinsa. Har na tambaye shi ya aiki.