Abin da Umma Ta Gaya wa Bango

Litinin, 1 ga Yuli, 2024
Sakamakon hoton zuciya ya fito. Dokta Margaret ta ce matsala biyu ce: rami a tsakiyar zuciya, da hanyar jini zuwa huhu da ta tsuke. Da su aka haife ni. Shekara talatin da ɗaya ana ce min raggo, ashe ciwo ne. Sai an tsaga ƙirji a Abuja, a gyara duka biyun lokaci guda. Na ce zan yi tunani. Na sayi gasasshiyar masara a bakin kasuwa na koma ofis.

Alhamis, 4 ga Yuli
Ƙafa ta kumbura, takalmi ya ƙi shiga. Silifas na sa.

Lahadi, 7 ga Yuli
Ban ga amfanin aikin tiyatar ba. Ba mata, ba ɗa. Zuciyar da ta kawo ni nan ta ƙarasa da ni. Ƙanwata Furera ta yi ta kuka a waya. Ita dama kuka ba ya mata wuya.

Talata, 9 ga Yuli
Dokta na son ganin wanda ya san yarintata. Baba ya rasu, saura Umma. Ni kuwa ɗan fari ne, ko sunana ba ta kamawa, balle ta zauna gaban baƙuwa ta yi zancena. Na ce wa Furera kada ta wahalar da kanta.

Alhamis, 11 ga Yuli
Umma ta zo fa. Ta juya kujera ta fuskanci bango, sannan ta ce, "Likita, yaron nan in ya sha nono, leɓensa baƙi yake yi." Wai har na shekara bakwai goya ni take yi zuwa makaranta, ta sauke ni bayan katanga kada yara su gani. In numfashi ya ɗauke min na tsugunna a hanya, ita ma sai ta tsugunna, kamar ƙaya take cirewa. Ban tuna ko ɗaya ba.

Dokta ta tambaye ta ko ta yarda a yi aikin.

"Ni bayana ya gaji," in ji Umma. "In akwai mai iya ɗaukarsa daga nan, ya ɗauka."

A keke muka koma unguwar Barade.

Litinin, 15 ga Yuli
Na sa hannu a takardar aikin. Ba wani abu ba ne, kumburin ne ya ishe ni.  Sai dai da na ajiye biron na gane tsoron mutuwa nake ji. A da ba na ji.