Injin Tace Iska a Tsakar Gidan Inna

Zuwa ga mahaifiyata, Inna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina cikin ni'ima a makwancinki, ɗanki Lawwali ne, wanda kika tura boko ya dawo miki da rabin karatu da cikakken surutu. Na san takarda ba ta isa inda kike. Amma raina a ɓace yake, kuma tun ina yaro ke kaɗai ce kike bari in gama magana kafin ki ce ƙarya nake yi.

Inna, ƙanena Sani yana so ya dawo da dakan dutsen zinari cikin gidanki.

Kin dai tuna shekarar da gubar dalma ta shigo mana. Ana daka dutse a tsakar gida, ƙurarsa tana sauka a kan tuwo, a kan tabarma, a kan yara masu rarrafe. Yara suka yi ta sanƙarewa a hannun iyayensu. Likitoci suka zo, aka kankare ƙasar gidan nan aka kwashe, aka zubo sabuwa. Har turminki aka tafi da shi aka binne, kina tsaye kina kallo kamar an fitar da gawa. Likitocin suka ce dutse ya tsaya a daji, kada ya sake ƙetare zaure.

Takwararki, ɗiyata da ba na iya kiran sunanta saboda naki ne, ta tsira. Amma har yau maganarta a hankali take fitowa. In ta ce Baba, sai na tsaya na jira sauran.

To, ranar kasuwar Anka wani ɗan tireda ya baje fararen akwatuna, wai injin tace iska ne. Ya ce duk wanda ya ajiye shi a gida, ya daka dutsensa hankali kwance, injin zai shanye ƙurar. Sani ya hango hutu daga zaman daji da ɓarayin buhu. Ya jawo ni in zaɓa masa mai kyau, wai ni ne ɗan bokon gida. Ni da na gudo daga aji ranar da aka fara cusa haruffa cikin lissafi.

Na dai gyara hula, na shiga juya kwali. Akwai mai shuɗiyar fitila, akwai mai kuka kamar sauro, akwai wani ƙato da ya kai kwankwaso. Turancin ya fi ƙarfina, amma hoton bai fi ba. A jikin kowane kwali wata mata ce zaune a ɗaki mai tagar gilashi a rufe ruf, da kyanwa a cinya. Inna, tsakar gidanmu rufinta sararin Allah ne. Sai dai injin ya tace iskar Zamfara duka, in ya gama ya zarce Sakkwato.

Na tambayi mutumin ko injin nasa yana lasar ƙasa, tunda yaranmu da hannu suke kai ƙurar baki. Ya ce in daina wasa. Ni kuwa ban taɓa rashin wasa irin na ranar ba. Na ce masa ba mu da lantarki, ya nuna mini janareta. Wato a murza hayaƙi a tsakar gida domin a gyara iska.

Abin da ya fi ƙona mini rai, mutumin ya san mu. Ya san ƙauyukan da suka binne yara, shi ya sa ya sauke kayansa a gabanmu, bai kai wa masu tagar gilashi ba. Tsoronmu ya gani ya zo ya kasa a kasuwa.

Na ce wa Sani ban zaɓi ko ɗaya ba. Ya ce baƙin ciki nake masa, ya ɗauki mai shuɗiyar fitila. Yanzu buhunan dutse suna jingine a ƙofar gida, injin yana ɗakinsa an lulluɓe shi da zane kamar amarya, don kada ƙura ta taɓa shi.

Kullum kafin shara kikan ce, "Ku yayyafa ruwa, akwai yara." Tun ba ki san sunan dalma ba, ba ki taɓa barin ƙurar shara ta tashi a kan jikokinki ba. Kuma da ciwo ya kwantar da ke, abu ɗaya kika roƙe mu: "Kada ku raba tukunya."

Inna, na raba. Jiya na sa takwararki da uwarta a mota zuwa Gummi wurin kakanninta, har sai Sani ya mayar da dutsensa daji. Ni na zauna a bakin zaure, buhu ba zai shiga ba sai ta kaina. Da hannuna nake girki, abin da ko akuyar gidan ta shinshina ta wuce.

A tasha takwararki ta riƙe gefen rigata, ta ce, "Baba... gida..." Na tsaya ina jiran sauran kamar kullum, har mota ta tashi.

Ki yafe mini, Innata. Cikin maganganunki biyu, ta yara na ɗauka.

Allah Ya haskaka kabarinki, Ya sanyaya miki shi. Allah Ya buɗe bakin takwararki, Ya karkato da zuciyar Sani, Ya sake haɗa mu a tukunya ɗaya a gidan da yaro zai yi rarrafe ba tsoro. Amin.

Ɗanki mai rabin boko, mai gadin zaurenki,
Lawwali