Kafaɗar Babana Ta Ƙi Bin Littafi

Anti Noreen,

Don Allah ki raba ni da wasiwasi kafin Asabar. Shekarata arba'in da uku, kuma wata bakwai ke nan ina zuwa ajin ginin siffofi da yumɓu a nan garin Dubbo. Aikin ƙarshen zango shi ne gina gadon bayan mutum ba fata: a kafa ƙashi da waya, a riƙa ɗora tsoka ɗaya bisa ɗaya, daga ta ciki zuwa ta waje. Kowacce na ɗora sai na rubuta a littafina da kwanan wata, har talatin da takwas.

Sauran ɗalibai hoton tsokoki da ke bangon aji suka bi. Ni bayan babana na auna da tef. Shekara arba'in ya yi a sunkuye yana askin tumaki, kafaɗarsa ta dama ta fi ta hagu kauri sosai. Haka na gina. Da ya gani sai ya ce ashe haka yake ta baya. Ban taɓa yin abin da na yi alfahari da shi haka ba.

Amma Malama Deirdre ta ce ɓangarorin ba su daidaita ba, in gyara kafin Asabar ko aikin ba zai shiga nunin makaranta ba. Yana nan lulluɓe da jiƙaƙƙen tsumma, ya fara ƙanƙamewa. Sau uku na sake awo. Ko dai ni ce ban iya ba, nake fakewa da Baba?

Mai Yumɓu a Farce

*

'Yar uwa,

Wadda ta auna sau uku ba fakewa take ba. Amma ki yi wa malamarki adalci: ta sha ganin karkatacciyar kafaɗa, kusan kullum kuskure ce. Ban ga inda kika ce kin gaya mata bayan wa kika gina ba. Na tabbata kunya ta hana ki.

Kada ki taɓa aikin. Ki ƙara jiƙa tsumman. Cikin kwanakin nan ki gina ƙaramar kafaɗa guda daidai da hoton bango, ta ga kin san ƙa'ida kafin ki kauce mata. Ranar Asabar ki tafi da ita, da littafinki, da Baba. Ki roƙe shi ya cire riga ya juya baya.

In duk da haka ta ƙi, nuni na mako guda ne, wannan kuwa na gidanku ne har abada. Ki gaishe min da Baba. Allah ya sa kada aikin ya tsage a wajen gashi a wuta.

Anti Noreen