Murafen Rediyo Tara

Baba,

Assalamu alaikum. Sau biyu ina rubuta "da fatan kana lafiya" ina sokewa, hannu ne ya saba. Na san ba za ka karanta wannan takarda ba. Yau kwana hamsin da uku da aka kai ka makwancinka, amma na yi wata ɓarna, kuma kai kaɗai nake so in gaya wa.

Umma tana cikin takaba, ta fara cin abinci kaɗan-kaɗan. Sakamakona ya fito, na gama digirin kimiyyar muhallin da ka yi ta shan wahalar biya, ina jiran takardar bautar ƙasa. Mai shagon da kake haya a Unguwar Kanawa ya ce mu kwashe kaya kafin ƙarshen wata, zai ba wani mai cajin waya.

Baba, me ya sa ba ka taɓa iya ce wa mutum kayansa ba zai gyaru ba? Na ƙirga abin da ka bari. Talabijin masu ƙeya goma sha ɗaya, waɗanda ka saya don cire kayan gyara. Kwali huɗu na wayoyin wuta. Sai rediyo ashirin da uku na mutane, kowanne ka manna masa takarda da salatif a murfin baya, ka rubuta sunan mai shi yadda kai ka san shi. Hajiya mai waina, Unguwar Dosa. Direban Gusau. Malam na bakin masallaci. Malamin da zai raba gado ya ce waɗannan amana ce, ba sa shiga rabo, sai an mayar wa masu su, in ba haka ba nauyin yana wuyanka. Tun ranar maganar ba ta bar zuciyata ba.

Ƙaninka Baffa Sule ya ce a kira 'yan gwangwan, kura ɗaya ta kwashe naka kayan cikin awa guda. Na ƙi. Na gaya masa gilashin irin wannan talabijin akwai dalma a ciki, in an fasa ta shiga ƙasa. Na gaya masa wayoyin ƙona su ake yi don a fitar da jan ƙarfe, tokar kuma ruwa ke wanke ta zuwa lambunan da muke sayen alayyahu. Ya ce boko ya yi mini yawa, wai yayansa shekara talatin yana shaƙar hayaƙin dalma, kuma bai tafi ba sai da kwanansa ya ƙare. Likita bai ce hayaƙin ne ya jawo maka tarin nan ba. Sau biyu na tambaye shi. Ba zan faɗi abin da ba ni da hujjarsa ba, amma ba zan iya daina tunaninsa ba.

Na shiga neman inda ake karɓar irin waɗannan kaya ba tare da an ƙona ba. Sau uku na je wani ofis, daga wannan tebur a tura ni wancan, kowa yana yaba ni, babu mai ba ni amsa. A ƙarshe wata mata ta ba ni lambar wani mutum mai tara kaya yana kai wa wani kamfani a kudu. Ya ce zai zo, amma sai na ware su: batir daban, roba daban, gilashi kada ya fashe.

Ga ɓarnar, Baba. Na ɗauki sukudirebanka mai jan hannu na fara da rediyoyin, don na ga batura sun yi tsami a ciki suna zubar da farin gari. Na buɗe su ɗaya bayan ɗaya, na cire baturan na sa a bokiti mai murfi, kamar yadda aka koya mana. Murafen kuwa na tara su a buhu guda, na rubuta "roba" a jiki. Har ina jin daɗin tsarina. Sai da na gama na ashirin da uku na waiwaya, na ga rediyoyi jere babu suna ko ɗaya. Sunayen duka suna cikin buhu. Hankalina yana kan guba, na manta kayan mutane ne nake taɓawa. Kai da ba ka wuce firamare ba, ka taɓa buɗe biyu a lokaci guda?

Kwana uku ina haɗawa, ina duba ramin sukuru, da tsaga, da shatin ƙura. Goma sha huɗu sun dace. Tara suka gagare ni, duk ƙanana ne baƙaƙe iri ɗaya. Na bar su a kan benci na tafi Unguwar Dosa mayar da biyu daga cikin waɗanda suka dace. Kafin in dawo Baffa ya zo, ya ga rediyo tara babu murfi babu suna, ya ce ai marasa mai su ne, ya haɗa da kwalayen wayoyi ya ba wani ɗan gwangwan. Na yi masa tsawa a bakin titi, ni da ban taɓa ɗaga masa murya ba. Ya ce in nuna masa suna ɗaya a jikinsu. Da me zan nuna?

Na shiga a-daidaita har Rafin Guza. Baƙin hayaƙi ne ya nuna mini wurin. Na samu mutumin, Bakatsine ne mai ladabi, yana juya wayoyinka cikin wuta da sanda, yana tari irin naka. Rediyoyin an riga an farfasa su. Na fara yi masa bayanin hayaƙin, ya saurara har na gama, sannan ya ce in na san inda ake sayen waya da robarta in kai shi, shi ma ƙirjinsa ya gaji. Ban san wurin ba, Baba. Shekara huɗu a jami'a, ban san wurin ba. Abu biyun da nake gudu, ƙona wayoyin da salwantar amanar, duk sun faru, kuma hannuna ne ya buɗe musu ƙofa.

Yanzu murafe tara nake yawo da su gida-gida ina neman yafiya. Hajiya mai waina dariya ta yi har da riƙe ciki. Ta ce rediyon ya mutu tun kafin auren autarta, ta sani, kai ma ka sani, amma duk ranar da ta wuce sai ka ce mata jibi. Ta yafe, ta kuma karɓi murfin saboda rubutunka. Takwas sun yafe. Saura ɗaya. Ka rubuta "Dogo". Shi ke nan, babu unguwa, babu sana'a. Baba, dogaye nawa ne a Kaduna?

Akwai abin da ban taɓa gaya maka ba. A makaranta in an tambayi aikinka, injiniya nake cewa, ban taɓa cewa mai gyaran rediyo ba. Ka yafe mini wannan kafin sauran.

Mai tara kayan sau uku yana cewa zai zo Talata, bai zo ba tukuna. Talabijin goma sha ɗayan suna ɗakina, ko ɗaya bai fashe ba, a gefe nake shimfiɗa tabarma. Murfin Dogo kuwa na rataye shi a ƙusar ƙofar shago, mai cajin waya ya yi alkawarin ba zai cire ba. Kullum da hantsi nakan je in tsaya, duk dogon da ya gifta in bi shi da ido ko zai dubi ƙofar.

Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka kabarinka, Ya sauke maka nauyin wannan ɗayan ya dawo wuyana, don ni na kwance shi.

'Yarka,
Nafisa, 'yar mai gyaran rediyo