Yatsan Inna Falmata

Daren Laraba, Gumel

Ban faɗa wa kowa ba, amma tun yamma abu ɗaya nake ta tunani. Inna Falmata, ƙanwar Umma, wadda ta gudo gidanmu daga Borno bayan 'yan ta'adda sun kashe mijinta, ta ƙi ƙunshin bikin Yaya Hadiza. Wai lalle yana hana na'urar zaɓe gane yatsa. Katin zaɓenta na garinsu ne, gobe za ta koma ta jefa ƙuri'a.

Umma ta ce, "Haba Falmata, hanyar nan fa ba ta gyaru ba."

Ta yi dariya. "Yaya, gida suka ƙona mini, ba yatsa ba."

Ni da ko gaban baƙi ba na iya magana! Da asuba zan ɗauki jakarta har tasha, in tambaye ta yadda ake yankar katin.